Biyun da Bukar Ya Jefa

Ban taɓa hawa raƙumi ba, kuma iyakata arewa Tanut, ita ma ɗaurin aure ne ya kai ni. Amma shekara huɗu na yi ina jan ayari cikin hamada kowace Juma'a bayan la'asar, ina zaune kan benci a shagona na cajin waya da ke bakin unguwar Kara-Kara a Damagaram. Abin da ya sa abokaina ke ce mini Madugu ke nan. Suma'ila ne sunana, sai dai in ban da mahaifiyata babu mai tuna shi.

Wasa ne, gara in faɗa tun yanzu. Kawuna ya taɓa tsayawa a kanmu, ya ga ƙwayar lido tana birgima a tabarma, ya wuce kai tsaye gida ya kai ƙarata wai na buɗe gidan caca. Babu abin da ake ci a wasan nan. Na tsince shi ne a wani tsohon littafin Faransanci da wani malaminmu ya bar mini, cike da dodanni masu aman wuta da jarumai masu rigar ƙarfe. Na karanta na ga dabarar ta yi, kayan ne ba namu ba. Sai na zubar da dodannin na riƙe dabarar. Ni ke ba da labari: ga ayari ya tashi daga Birni, zamanin da Damagaram take Damagaram, ya nufi Bilma ɗauko gishiri. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa a cikin ayarin, shi ke faɗin abin da mutumin zai yi. In abin mai wuya ne sai ya jefa ƙwayar lido. Huɗu, biyar ko shida, ya ci nasara. Ƙasa da haka kuwa, sai abin da na ga dama ya same shi, ni kuma ba a san ni da tausayi ba.

Da yawa sun shigo sun fita, mu huɗu ne muka ɗore. Akwai Hajjo, ɗiyar kawun nan nawa da ya kai ƙara, wadda ta karanta aikin jinya. Ita ke riƙe da mai maganin ayari. Akwai Mai Nasara tela, mai riƙe da maharbin ayari, sarkin cika baki, wanda kibiyarsa ba ta cika samun abin da ya auna ba. Sai Bukar.

Bukar Babarbare ne, kakanninsa daga Barno suka zo da fatauci, amma abin da ya iso hannunsa gona ce guda a kan hanyar Mirriya. Tun muna ƴan lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya muke zama. Ranar da kowa ke zaɓar jarumi, shi sai ya zaɓi wani dattijo mai haƙar rijiya, ya sa masa suna Ari. Ba takobi, ba kwari da baka, sai guga da igiya da dagi. Na yi masa dariya har da buga cinya.

Ya ce, "Yi dariyarka, Madugu. Ranar da salkunanku suka bushe za ka san wane ne jarumin."

Shi ke dafa mana shayi a fada, wato benci biyu da tabarma a gaban shagona. Kuma yana da doka a kan shayinsa wadda ko ubansa bai isa ya karya ba. Kofi yana farawa daga dama, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake kowa. In layi ya zo kan wanda ya zagaya bayan shago, kofi zai zauna a faranti yana jiransa, na gaba da shi kuma ya haɗiye yawu. Shayin ya huce, ya yi sanyi, ƙuda ya leƙa, Bukar ko a jikinsa. Mai Nasara ya sha yi masa tsiya a kan haka. Amsarsa ɗaya ce kullum: wanda aka tsallake sau ɗaya, ya san ana iya yi ba da shi ba. Daga faranti dokar ta sauko cikin wasa ba tare da kowa ya shawarta ba. Ayari ba ya motsi sai wanda layi ke kansa ya yi magana.

Fari ne ya watsa mu, amma ba rana ɗaya ba. Hajjo aka fara turawa asibitin Takieta, saboda yaran da ake kawowa can sun fi ƙarfin ma'aikatan. Mai Nasara ya bi bayanta da wata biyu. Mutumin da tiyar hatsi ta gagare shi ba ya ɗinka sabuwar riga, don haka Mai Nasara ya ɗaure keken ɗinkinsa a saman mota ya yi Kano. Na ɗauka wasa ya mutu. Hajjo ce ta ce bai mutu ba, ta buɗe mana rukuni a waya, ta sa masa suna Ayari. Na sayo ƙwayoyin lido, na aika wa kowa tasa. Ni in yi bokal, wato saƙon murya, in ba da labari, mai layi ya jefa ƙwaya a inda yake, ya faɗi abin da ta nuna. Ba hoto, ba shaida, amana ce kawai. Tun da Mai Nasara ya sauka Kano ƙwayarsa ta manta tana da ɗaya a jikinta. Mun sani, ya san mun sani, muka bar shi da halinsa.

Bukar ya daure shekara guda. A daminar da ta biyo sau uku ya yi shuka. Ta farko ta ƙone a ƙasa, ta biyu iska ta binne ta, ta uku ta tashi har mutane suka fara murna, sai ruwa ya ɗauke gero na da ciki. Na raka shi gonar ranar girbi. Dami bakwai ya ɗaure a inda ubansa ke ɗaure saba'in. Ya tsaya yana murza wata zangarniya a tafin hannu yana hurawa, babu abin da ya rage sai ƙaiƙayi. A gida kuwa ga tsohuwarsa, ga yayarsa Ya Fatsuma da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Kafin wata ya zagayo ya ce mini zai tafi wajen zinariya, can arewa da Agadas.

Ni na kai masa jaka tasha. Motar ta cika har sama da jarkoki da samari, kowa ya naɗe fuska. Na zaro ƙwayarsa daga aljihu na ba shi, ya ƙulle ta a gefen rawani.

Ya ce, "Madugu, can rezo sai an yi sa'a, waya ba ta cika kamawa ba. In na daɗe ban amsa ba, kada ku tsallake ni."

Na ce, "Wa zai tsallake ka? Ko shekara ka yi, ayari na nan a tsaye."

"Ka faɗa dai?"

"Na faɗa."

Ba rantsuwa na yi ba, ban dafa littafi ba. Magana ce irin wadda ake yi a tasha mota tana haƙi. Amma na faɗa, kuma ya ji.

Wata biyar abin ya tafi daidai, in za a kira wannan daidai. A inda suke haƙa babu rezo, sai ya taka kusan awa guda zuwa wata rumfa da ake sayar da wifi. Wasan da muke gamawa kafin magariba ya koma yana kai mu Lahadi. In ba da labari ranar Juma'a, Hajjo ta amsa tsakanin majinyaci da majinyaci, Mai Nasara ya amsa keken ɗinki na kuka a bayansa, sannan mu zauna jiran Bukar. In saƙonsa ya shigo, iska ce ke fara magana kafin shi. Ba ya taɓa cewa yana shan wuya. Kullum lafiya lau, kullum an gode Allah, sai ya faɗi abin da Ari zai yi da abin da ƙwaya ta ba shi. Ɗaya, uku, biyu, wani lokaci biyar. Ban taɓa ganin mai rashin sa'a irinsa ba, kuma ban taɓa jin ya ƙara ko ɗigo a kan abin da ya jefa ba.

Ni kuma na ƙware. Na koyi riƙe wayar nesa da baki in ina muryar ɗan fashi, in matso da ita in ina raɗa. Ina kaɗa tsakuwa a gwangwani don ƙararrawar raƙumi. Masu kawo caji suka riƙa tsayawa suna saurare, wasu har su manta abin da ya kawo su. Na ji daɗin kaina ƙwarai a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Gari na ƙonewa, ni ina da wurin da nake da iko da ruwa da rana.

Da bazara ta kama, famfon unguwarmu ya yi kwana tara bai ɗiga ba. Jarkoki suka yi layi tun daga bakin famfon har kwanar masallaci, kowace da dutse a kanta don kada a matsar. Mutanen ƙauye suka riƙa shigowa gari da akuyoyin da ƙashinsu ya fito, suna neman mai saye ko nawa ne. Ƙishin nan ne na kwashe na zuba a cikin wasa, don abin da ke bakina ke nan. Na sa ƴan fashi suka farke salkuna. Na sa raƙuma biyu suka kwanta suka ƙi tashi. Na kai ayari bakin wata tsohuwar rijiya da yashi ya rufe rabinta, babu wata sai bayan kwana biyar, ruwan da ya rage kuma bai cika ƙoƙo ba.

Na danna waya na ce, "Ari ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ku ji da kyau, don kada wani ya ce ban faɗa ba. Huɗu zuwa shida, akwai ruwa. Ƙasa da haka rijiyar a bushe take, kuma nan ayari zai ƙare. Bukar, layinka ne."

Washegari da safe na duba, alamar ta nuna ya saurara. Na ce to, yanzu zai amsa. Bai amsa ba ranar, bai amsa ba Lahadi.

Juma'a ta farko muka yi hira kawai, Mai Nasara yana ba mu labarin cunkoson Kano. Ta biyu ma haka. Na kira lambar Bukar ya fi sau ashirin, kullum matar nan ta cikin waya ce ke ce mini ba a samunsa. Ya Fatsuma ta fara biyowa ta shagona in ta dawo daga ɗibar ruwa, ta sauke jarka ta tsaya a inuwa.

"Suma'ila, abokin naka bai yi magana ba?"

"Rezo ne, Ya Fatsuma. Kin san can."

"Na sani," ta ce, ta ɗauki jarkarta.

A Juma'a ta huɗu Mai Nasara ya fara ƙorafi. "Madugu, wai mu shekara a bakin rijiya? Ka jefa masa mana, ko ka ba ni in jefa. In ya dawo sai ya ɗora daga inda ya same mu." Na ce masa ƙwayarsa ba ta isa ta taɓa rijiyar Bukar ba, muka yi dariya, ta wuce.

Maganar Hajjo ce ba ta wuce ba. A Juma'a ta biyar ta turo saƙo, muryarta a dishe.

"Yaya Madugu, ba ina cewa a yi wa Bukar laifi ba ne. Amma tun safe nake auna damtsen yara, igiyar awon tana tsayawa a ja, a ja, a ja, alamar yunwa ta ci ƙarfin yaro. Yau biyu muka rasa kafin azahar. Awa ɗayan nan ta wasa ita kaɗai ce nake da ita da ba na ganin fuskar uwar kowa. Ka nemo mana wata dabara, don Allah."

Na saurara sau uku. Na ce mata ta ƙara haƙuri, amma na ji maganar ta zauna mini a ƙirji.

Sai ga wani mutum ya kawo caji ranar Laraba, fuskarsa ta ƙone da rana, ya ce daga arewa yake. Na tambaye shi ko ya san wani Bukar, Babarbare, ɗan Damagaram, dogo mai wushirya. Ya yi ɗan tunani ya ce ai kuwa kamar ya ji labarinsa. Wani Bukar ya faɗa kan jijiyar zinariya, yanzu yana Agadas, ya sayi sabon babur da sabuwar waya, har ana maganar aure. Ban tambaye shi ko ya gan shi da idonsa ba. Ban tuna cewa Bukar a ƙasar nan sun fi a ƙirga ba. Na karɓi maganar hannu bibbiyu, domin sati shida ina kwana da tsoro, kuma fushi ya fi tsoro sauƙin ɗauka. Na ce a raina, ashe haka ne. Ya saurari saƙona, ya samu duniya, ya canza waya, ya bar mu muna gadin ƙwayar lido kamar wawaye.

Juma'a ta bakwai na zauna kan benci, na gyara murya. Da na tsallake shi kawai na yi shiru, da da sauƙi. Amma ni mai ba da labari ne, kuma raina a ɓace yake, sai na yi abin da na fi iyawa.

Na ce, "Ayari ya jira a bakin rijiya har rana ta karkata. Da suka ja igiya sai suka ji ta sakayau. Ashe Ari ya fita ta wani gefe tun ɗazu. Ya kwance raƙumin da ya fi ƙarfi, ya ɗauke ɗan ruwan da ya rage, ya bi hanyarsa. Sawunsa kaɗai suka gani, ya nufi inda ake cewa akwai dukiya. Hajjo, layinki ne."

Na yi shi da kyau, abin takaicin ke nan. Har da tsakuwa a gwangwani, ƙararrawar raƙumi tana nisa tana nisa.

Da Hajjo ta amsa cewa ta yi, "Ba haka na ce ka yi ba." Mai Nasara ma, da ya fi kowa matsa mini, sai ya ce, "Kai, Madugu, abin ya yi yawa." Duk da haka muka ci gaba. Na ƙirƙiro wasu Buzaye suka ɓullo daga bayan tudu suka ba ayari ruwa. Kowa ya san ceto ne na ƙarya, kowa ya sha. Muka yi Juma'a biyu a haka, wasan ba gishiri, kamar tuwon da aka ɗumama sau uku.

Ranar wata Talata da hantsi na ji kuka daga wajen gidansu Bukar. Wani Tanimu ne ya zo, mutumin Mirriya, wanda suke rami ɗaya da shi. Ya kawo jaka da bargo da waya a ƙulle cikin leda. A wurin zaman makoki ya ba mu labari, yana kallon ƙasa. A ranar da Bukar ya je rumfar wifi ta ƙarshe, aka kwashe su zuwa wani sabon wurin haƙa, tafiyar kwana biyu cikin hamada, inda ko rediyo ba ta kamawa. Ruwan da ake kawo musu a tanki ya ɓata masa ciki, zazzaɓi ya biyo baya. Ya yi ta daurewa yana cewa gobe zai warware. Da suka ga abin ya ƙi, suka sa shi a motar da ke komowa. Bai kai Agadas ba. Sun yi masa sutura a gefen hanya, ranar Asabar, suka jera duwatsu.

Na ce ba zan lissafa ba, amma kaina ya lissafa da kansa. Ranar da na mai da Ari ɓarawon ruwa, Bukar yana da kwana shida a ƙasa.

Bayan sadakar uku Ya Fatsuma ta zo shagona da safe, ba jarka a kanta. Ta miƙo mini ledar.

"Inna ce ke son ganin hotonsa. Wayar ta mutu, ba ta kawo wuta. Ka sa mana ita a sharji."

Na karɓa. Gilashin ya tsage a kusurwa, yashi ya cika ramin cajin, sai da na sa tsinke na share. Na jona ta a kan allon caji tsakanin wayoyin mutane, Ya Fatsuma ta zauna a bencin da ƙanenta ke zama ya dafa shayi. Bayan ɗan lokaci na kunna. Abin da ban tuna ba shi ne, wayar nan ta san wifin shagona tun shekarun da yake wuni a nan. Ba ta tambayi kowa ba, ta kama da kanta.

Sai tawa wayar ta motsa a aljihu. Ta sake motsawa. Sau shida. Na ciro na duba, rukunin Ayari ne, saƙon murya shida, duka daga Bukar. Na zauna a kan akwatin batura.

Ya Fatsuma ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Saƙonnin da ya yi ne can, ba su samu hanya ba. Yanzu suka fito."

Ta gyara lulluɓi ta ce, "Sa mu ji."

Na farko, iska ce ta fara, sannan shi, muryarsa garau, ya fara da gaisuwar Barebari.

"Madugu, wushe. Na ji bokal ɗinka, ban samu amsawa ba, mota na jiranmu. Yau Juma'a, na san kuna zaune. Bon, to, na shimfiɗa rawanina na jefa, ga Tanimu nan yana kallo. Biyu. Na ji abin da ka ce, ba sai ka maimaita ba. To faɗa mini abin da Ari ya tarar a ƙasa."

Na biyu. "Na ga saƙon bai tafi ba, ɗan agogon nan ne a jikinsa. Nan babu rezo ko na rantsuwa. Ina dai sake faɗa ne don in ya tashi tafiya su tafi tare. Ban sake jefawa ba. Biyu ce."

A na uku har da dariya. "Tanimu ya ce in sake jefawa mana, wa zai sani. Na ce masa ni ba Mai Nasara ba ne. Wai an yi ruwa a gida? Nan ko girgije babu. Biyu dai, Madugu."

Ya Fatsuma ta yi wani ɗan sauti, rabi dariya rabi kuka, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na huɗu, muryar ta sauka, yana tsayawa yana jan numfashi. "Ruwan nan nasu bai karɓe ni ba, amma da sauƙi. Abin da ke damuna, na tsayar muku da ayari a rana sati huɗu. Na san kuna jirana. Ka ba Hajjo haƙuri, na san ita ta fi buƙatar wasan. Ka ce mata laifina ne, ba naka ba."

Na biyar gajere ne. Ya ce Juma'a ce, ya ce biyu, sauran iska ce.

Na tsaya a kan na shida, yatsana ya ƙi dannawa. A lokacin wayarsa da ke kan allo ta gama kwaso duk abin da muka faɗa a bayansa, na ga saƙona na Juma'a ta bakwai ya shiga ya zauna, ba a buɗe ba. Na gode wa Allah da bai ji shi ba, sannan na ji kunyar godiyar. Na danna.

Sai da na kai wayar kunne, Ya Fatsuma ta matso.

"Madugu. Gobe za su sa ni a mota. In na kai inda rezo yake, duka za su shigo maka lokaci ɗaya, kada ka ji tsoro." Ana jin wani yana ce masa ya sha ruwa. "Na san halinka, kana da taurin kai amma zuciyarka ba ta da ƙwari. In ka ji ina kwance za ka ce ka ba ni ruwa a rijiyar nan. Kada ka yi mini alfarma. Biyu na jefa. Abin da biyu ke bayarwa shi za ka ba ni. Na gode da kuka jira."

Saƙon ya ƙare. Wani yaro da ya zo karɓar wayar ubansa ya ga fuskokinmu ya juya. A rukuni Hajjo ta rubuta salati, ba ta ƙara komai ba. Mai Nasara ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba.

Ya Fatsuma ta share ido ta ce, "Me yake nufi da biyu? Wane ruwa?"

Na ce, "Tambaya ya yi mini, Ya Fatsuma. Wata biyu ke nan ban ba shi amsa ba."

Wallahi na so in ba shi ruwan. Labarin har ya haɗu a bakina: guga ta yi nauyi, igiya ta jiƙe, raƙuma sun miƙe. Babu wanda zai ce mini don me. Amma na riga na yi masa ƙarya sau ɗaya, kuma wannan ya roƙe ni da bakinsa. Na danna waya, ban gyara murya ba, ban taɓa gwangwani ba.

Na ce, "Hajjo, Mai Nasara, ku saurara. Abin da na faɗa a kan Ari ƙarya ne, ni na ƙirƙira. Bai kwance raƙumin kowa ba, bai taɓa ruwan kowa ba. Babu wasu Buzaye. Muna nan bakin rijiya inda muke, igiya na hannunmu, shi yana ƙasa yana haƙa." Sannan na ce, "Bukar, ka jefa biyu. Ka haƙa har dagi ya taɓa dutse. Rijiyar a bushe take. Mun jawo ka sama, ka zauna a tsakiyarmu, babu wanda ya tafi. Nan ayari ya ƙare."

Na saki yatsana, saƙon ya tafi. A kan allo, tsakanin wayoyin mutane, mai tsagaggen gilashin ta yi haske ta motsa.

Ya Fatsuma ta zabura ta dube ta. "Wa ke nemansa?"

Na ce, "Ni ne."